Yadda Ake Gasa Tukwanen Yumɓu a Tanderu

Da farko a tabbatar tukwanen sun bushe ƙayau. Idan aka ɗora tukunya a kunci aka ji sanyi, to akwai sauran ruwa a jikinta, a ƙara mata kwana.

Bayan an jera su, a kunna wuta kaɗan-kaɗan, a bar ƙofar hayaƙi a buɗe har zafi ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, domin a nan ne ruwa ke zama tururi, kuma gaggawa a wannan gaɓa ita ce ke fasa yawancin tukwane. A sake sassautawa wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya.

Daga nan a ƙara wuta har kusan digiri 1000, wanda ya ishi gashin farko. Jan yumɓu bai kamata ya wuce 1150 ba, don yana iya lanƙwashewa ko narkewa. Yumɓu mai tauri irin wanda fitacciyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta yi aiki da shi a Suleja kuwa sai ya haura 1200.

Sannan a kashe wuta, a toshe kafofi, kada a buɗe sai tanderun ya huce.