Yadda ake tsara ƙa'idar bai ɗaya ta kula da masu asma

Idan asibitocin jiha ɗaya suna son mai asma ya riƙa samun kulawa iri ɗaya ko da wane likita ya gani, kada kwamitin da aka naɗa ya ce zai ƙirƙiro komai daga tushe. Shirin GINA, wato shirin duniya na yaƙi da asma, wanda aka kafa a 1993 da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana sabunta rahotonsa kowace shekara, kuma shi ya kamata a ɗauka a matsayin madogara. Wajibi ne a yi amfani da sabon bugu, domin tun 2019 GINA ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shaƙar salbutamol kaɗai, saboda yana buɗe hanyar iska ne na ɗan lokaci ba tare da ya magance kumburin da ke cikinta ba.

Sai a zauna da masu harhaɗa magunguna, da ma'aikatan jinya, da na asibitocin sha-ka-tafi, a tantance abin da ake samu da abin da majinyaci zai iya saya. Wannan zaman ya fi kowane muhimmanci, domin ƙa'idar da ta rubuta haɗin budesonide da formoterol (maganin shaƙa mai rage kumburi da buɗe hanyar iska) alhali babu shi a kantin asibiti, a aljihun tebur za ta ƙare. Inda babu shi, a rubuta madadinsa ƙarara, wato majinyaci ya shaƙi beclometasone, maganin rage kumburi, duk lokacin da ya shaƙi salbutamol. Haka kuma a nuna yadda ake huda gindin gorar roba mai mililita 500 a cusa bakin inhela, wato abin shaƙar magani, yaro ya shaƙa ta bakin gorar, dabarar da aka gwada a Afirka ta Kudu aka ga tana aiki.

A ware shafi guda na gaggawa, a manna shi a bango: wanda ya kasa ƙarasa jimla saboda haki, ko ya fara gyangyaɗi, a ba shi iskar oksijin da magani nan take, a tura shi babban asibiti. A ƙarshen takardar a rubuta ranar da za a sake duba ta, kuma ya fi kyau ta faɗo kafin hunturu, lokacin da ƙura ke tayar wa mutane da ciwon.