Hoton gyambo a waya: inda ake ɓata lissafi

Manhajar da ke auna gyambo ta hoto ba ta san majinyaci ba, abin da kyamara ta miƙa mata shi take gani. Tana zagaye bakin ciwon, ta lissafa faɗinsa, sannan ta duba launi: ja sabon nama ne mai tofowa, ruwan ɗorawa mataccen nama ne da ya maƙale, baƙi kuwa wurin ya riga ya mutu.

To nan gizo ke saƙar. A Kano akan ga gyambon mai ciwon suga ko mai sikila da aka shafa masa wani abu: shuɗin maganin nan GV, aidin, garin kafso, wani har lalle. Idan aka ɗauki hoto a haka, manhaja na iya ɗaukar launin maganin a matsayin mataccen nama. A fara wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, a tsane shi, sannan a ɗauka kafin a sa sabon magani. Filashin waya ma yana sa danshin ciwo ƙyalli ya fito fari fat. Gara a fito tsakar gida da hantsi, a zauna a inuwa, a kuma goge idon kyamara, musamman lokacin hazo.

Da yawa suna mantawa da ma'auni. In babu rula ko ɗan tambarin da manhajar ta tanada a gefen ciwon, tana iya kasa bambance santimita 2 da 5. Karkata waya kuma yana tsuke ciwo a hoto, sai a yi ta murnar da ba ta da tushe. Kyamara ta fuskanci ciwon sak, nisa ɗaya, kowane mako. Wannan jerin hotunan na mako-mako shi likita ke so, domin gyambon ƙafar mai suga da bai ragu da rabi ba cikin mako 4 yakan yi wuyar warkewa cikin mako 12.

In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, don kada ya matse hoton.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne sakankancewa da lambar da waya ta bayar. Hoto ba ya nuna zurfi ko ramin da ya ci ƙarƙashin fata, ba ya jin wari, kuma jan da ke nuna kumburi bai cika fitowa a baƙar fata ba. Ƙafa ta yi zafi, ko ruwa ya ƙaru, ko zazzaɓi ya shigo, a ajiye waya a nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a ranar.