Yadda za ka tashi daga filin jirgin Jidda zuwa otal ɗinka a Makka da kayanka

Wannan na masu tafiya Umara ne da kansu, ba tare da ejan ya turo musu mota ba. Abu na farko tun kafin ka bar gida ka san cewa yawan kayanka shi zai zaɓa maka hanya, don haka kar ka yanke shawarar jirgin ƙasa ko tasi sai ka kalli akwatunanka tukuna.

Da ka sauka aka buga maka fasfo, ka wuce wajen ɗaukar kaya ka samu keken tura kaya, ka duba lambar da aka manna maka a tikiti ta yi daidai da wadda ke jikin akwatin, saboda baƙaƙen akwatuna sun yi yawa kuma duk kamarsu ɗaya. Ɗaura ƙyalle mai launi a hannun akwati tun daga gida yana taimakawa sosai. Kuma don Allah kar ka riƙe wa kowa jaka, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka, Saudiyya ba sa wasa da maganar ƙwaya, abin da aka samu a hannunka naka ne. Goro ma an sha jan kunnen alhazai a kansa, a bar shi a gida.

Kafin ka fita waje ka sayi layi, STC ko Mobily ko Zain, da fasfonka za su yi maka rajista, sannan ka canji 'yan riyal kaɗan na hannu.

To sai hanya. Daga filin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana da tasha a Terminal 1, wato ɗaya daga cikin gine-ginen saukar fasinjoji na filin, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka ka isa, ga sanyi ga tsafta. Amma ƙa'idarsu akwati ɗaya ne da bai wuce kilo 25 ba sai ƙaramar jakar hannu, kuma suna duba girmansa, ka ga mai akwati biyu da jakar bakko wannan ba hanyarsa ba ce. Sannan ba kowane jirgin sama ke sauka a Terminal 1 ba, wasu a tashar arewa ko ta alhazai suke sauke mutane, sai ka duba tikitinka. Tashar jirgin ta Makka kuma tana unguwar Rusaifa ne, dole ka sake neman mota zuwa otal.

Ni dai in kuna da yawa, ko akwai tsoho ko yara, mota nake ba da shawara. Ka kira Uber ko Careem ka ga kuɗin a waya tun kafin ka shiga, ko ka je layin tasi na filin. Masu tare mutane a bakin ƙofa suna "Makka, Makka" a kiyaye, in ma za ka bi su ku gama ciniki kafin akwati ya shiga but, ka tambaya kuɗin na mota ne gaba ɗaya ko na mutum ɗaya, kuma har ƙofar otal ne ko a'a. Ku uku da manyan akwatuna shida ƙaramar mota ba za ta ɗauka ba, ku nemi babba kawai. Fasfo da biza su zauna a jikinka, akwai shingen bincike a Shumaisi kafin a shiga Makka.

Inda aka fi shan wuya shi ne ƙarshen tafiyar, kuma nan ne mutane ba sa lissafawa. Idan lokacin sallah ya matso ana rufe hanyoyin da ke kewayen Harami, direba sai ya tsaya nesa ya ce iyakarsa ke nan, kai kuma ga harami a jikinka ga silifa ga gajiyar jirgi ga akwatuna, kana kutsawa cikin dubban mutane a titin Ibrahim Khalil ko Ajyad. Abin tausayi wallahi, musamman ga iyayenmu mata. Shi ya sa tun kuna hanya ka duba lokacin sallah, in kun kusa shiga daidai lokacin gara ku ɗan tsaya a hanya ku yi sallah ku ci abinci, an jima hanya ta buɗe. Ranar Juma'a da goman ƙarshe na azumi kuwa sai ka ƙara haƙuri.

Ka ajiye sunan otal ɗin da Larabci a wayarka da taswirarsa, don otal-otal masu suna iri ɗaya suna da yawa, wani a Misfala wani can Aziziyya. Ka kira su tun kana mota ka tambayi ta inda mota ke shiga, wasu na kusa da Harami ta ƙarƙashin ƙasa ake bi.

In ka isa da safe ɗaki bai samu ba, don yawanci sai wajen ƙarfe 4 na yamma suke bayarwa, ka ba su kayan su ajiye, ka karɓi shaidar ajiya da katin otal ɗin mai adireshi, kuɗi da fasfo su bi ka, sannan ka tafi ɗawafinka.