Kurakuran da aka fi yi wajen auna iskar radon a gida da rage ta

Radon iska ce da ke tasowa daga ƙasa a inda sinadarin yuraniyom ke rushewa a cikin duwatsu, kuma ba ta da launi ko wari ko ɗanɗano. A fili iska tana baje ta, har yawanta ba ya wuce bekarel 5 zuwa 15 a kowace kubik mita ta iska (bekarel shi ne ma'aunin da ake lissafa yawanta da shi), amma idan ta kutsa ɗaki ta tsagar daɓe ko ta gefen bututu sai ta taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a gaba-gaba bayan taba sigari a cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu, kuma a 2009 ta ba da shawarar kada ta wuce bekarel 100 a cikin gida, inda hakan ya gagara kuwa kada ta haura 300.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yanke hukunci a kan gidansa ba tare da awo ba, wai don gidan sabo ne, ko don an auna na maƙwabci an samu lafiya. Gidaje biyu da ke katanga ɗaya suna iya bambanta ninki da yawa, saboda abin ya dogara ne ga tsagar dutsen da ke ƙarƙashin kowane ɗaki da yadda aka yi daɓensa. A 1984 wani injiniya mai suna Stanley Watras, da ke aiki a tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar da ke binciken gurɓatar nukiliya a jikin ma'aikata, sai aka gano daga gidansa yake ɗauko gurɓatar, inda radon ya kai kusan bekarel 100,000, shi da iyalinsa kuwa ba su taɓa jin alamar komai ba.

Waɗanda suka yi awon kuma gaggawa ce ke cin su. Yawan radon yana hawa da sauka tsakanin dare da rana, da tsakanin damina da rani, yakan kuma ƙaru a lokacin da ake rufe tagogi, kamar cikin hunturu ko a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana. Gwangwanin gawayi mai zuƙe radon da ake ajiyewa a ɗaki don awo kwana 2 zuwa 7 ba ya nuna komai sai halin waɗannan kwanakin, danshi ma yana rikita shi. Gyara shi ne a yi amfani da ƙaramin ma'auni na roba wanda ake bari aƙalla wata 3 kafin a mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje. Idan dole ta sa a yi gajeren awo, a rufe tagogi da ƙofofi awa 12 kafin a fara, a bar su a rufe har a gama, sannan a ɗauki sakamakon a matsayin manuniya kawai. Wurin ajiye ma'aunin shi ne ɗakin kwana da falo na hawan ƙasa, sama da daɓe da aƙalla rabin mita, nesa da taga da fanka. Kicin da banɗaki ba wurinsa ba ne.

Idan sakamako ya fito da yawa, abin da akasari ake fara yi shi ne a liƙe tsagogi da siminti a ɗauka an gama. Liƙewar tana taimakawa, amma ita kaɗai ba ta isa ba, domin iskar cikin ɗaki ta fi ta ƙarƙashin daɓe ƙarancin matsi, don haka ɗakin yana zuƙo iskar ƙasa ta ƙofofin da ido ba ya gani. Wannan ne ma dalilin da ya sa fankar da ke fitar da iska waje kan ƙara dagula lamarin idan ba a buɗe wata hanyar shigowar iska ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a haƙa ɗan rami a ƙarƙashin daɓen, a sa bututu da fanka mai zuƙo iskar tun kafin ta shigo, a fitar da ita sama da rufin gida. Fankar ba a cikin ɗaki ake sa ta ba, bakin bututun kuma ba a kusa da taga ba, kuma ba a kashe ta don tsimin wuta. A wuraren da lantarki ke yawan ɗaukewa, ya kamata a yi lissafin batir ko sola tun daga farko. Bayan an gama aikin sai a sake awo, abin da mutane da yawa ke mantawa.

Akwai kuma masu sayen na'urar tace iska. Gaskiya ne cewa ba radon ɗin kanta ce ta fi illa ba: rabinta kan rushe cikin kwana 3.8, ta bar ƙwayoyin sinadaran foloniyom da darma da bismut masu manne wa ƙura, su ne ke maƙalewa a huhu suna ƙona shi. Matacin yana kama ƙurar, amma iskar tana wucewa ta cikinsa ta ci gaba da haifar da sababbin ƙwayoyi, waɗanda ba su samu ƙurar mannewa ba kuwa sun fi saurin lafewa a hanyoyin numfashi. Mai shan taba a irin wannan ɗaki haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha sau da yawa.

Ba daga ƙarƙashin daɓe kaɗai radon take zuwa ba. Yashin da aka bari a tsofaffin wuraren haƙar kuza na Jos yana ɗauke da sinadarin toriyom da yuraniyom, haka nan tarkacen duwatsun ma'adanan yuraniyom na Arlit a Nijar, don haka arharsu ba hujja ba ce ta yin bulo ko yaɓe da su. Toriyom yana fitar da wata 'yar'uwar radon da rabinta kan rushe cikin ƙasa da minti ɗaya, wadda ta fi taruwa a jikin bango, daidai inda ake jingina gado. Ruwan burtsatse da aka haƙa cikin dutse shi ma yana iya ɗauko radon ya sake ta lokacin wanka ko wanki, kuma ana rage ta ne ta hanyar kaɗa ruwan da iska a tankin da ke waje kafin ya shiga gida.