Yadda za ka bi sawun kuɗin hukumomin leƙen asiri ta hannun ɗan majalisarka

A watan Afrilun 2017 jami'an EFCC suka gano tsabar kuɗi sama da dala miliyan 43 a wani gida da ke Osborne Towers a Ikoyi, nan Legas. Hukumar NIA, mai leƙen asiri a ƙasashen waje, ta ce nata ne, na ayyukan sirri. Aka dakatar da shugabanta Ayo Oke, daga baya aka sallame shi, kotun tarayya a Legas kuma ta mallaka wa gwamnati kuɗin. Wa ya ba da izinin fitar da su, wa ya duba inda suka shiga? Mai sayar da tumatir a Mile 12 yana da ikon yin wannan tambayar, kuma ga hanyar.

Fara da riƙe dokar, don kada a raina maka hankali. Sashe na 80 na tsarin mulkin 1999 ya hana cire kuɗi daga asusun tarayya sai yadda Majalisar Tarayya ta tsara. Sashe na 88 da 89 sun ba ta ikon bincikar duk mai kashe kuɗin da ta ware, ta gayyace shi, in ya ƙi zuwa ta sa a kawo shi. In kasafi ya makara, sashe na 82 ya bar wa shugaban ƙasa damar ci gaba da kashewa, amma ba fiye da wata shida ba.

Sai ka nemo adadin. A 1986, zamanin Babangida, aka rushe tsohuwar hukumar tsaron ƙasa ta NSO, aka kafa DSS ta cikin gida da NIA da kuma DIA ta leƙen asirin soja. Shiga shafin intanet na ofishin kasafin kuɗi na tarayya ka sauke kasafin bana. DSS da NIA suna ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, DIA kuma tana ma'aikatar tsaro. Kwafe na bana da na bara a takarda ɗaya, ka haɗa da ƙwarya-ƙwaryar kasafi in an yi, don ta nan kuɗi kan ƙaru ba a lura ba. Leƙa kuma rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya, duk da yakan fito a makare.

Yanzu takardar koke, nan ne da yawa ke ɓata aikin. Kada ka tambayi sunan ɗan leƙen asiri ko inda ake aiki. Za a ce sirrin tsaro ne, kuma da gaskiyarsu. Tambayi abin da ba shi da wurin ɓuya: nawa aka ware, nawa aka saki, kwamitin majalisa kan tsaron ƙasa da bayanan sirri ya zauna da hukumar a bana, ya miƙa rahoto ga zauren majalisa? Shafi ɗaya ya isa, da suna da adireshi da sa hannu.

Ɗan majalisa ne ke gabatar da koke a zaure, saboda haka kai wa naka. Legas na da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 24. Mazaunin Agege, sanatan Legas ta Yamma ne nasa. Je ofishin mazaɓa da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. In da hali ku tafi da sunan ƙungiyarku ta kasuwa, don takardar mutum ɗaya tana saurin kwana a durowa.

Aka yi shiru? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Rubuta wa akawun majalisa ka nemi ranakun zaman kwamitin. Kuɗin tsaro na gwamna kuwa, majalisar jiha da ke Alausa ce ke da hurumi, a ƙarƙashin sashe na 128, can za ka kai kokenka.