Darasi na 9: Waken da Tsatsa Ba Ta Ci

Gab da girbi, wata dattijuwa cikin ɗaliban ajinmu na Maiurno ta shigo da ganyen wake biyu a ƙulle a bakin mayafinta. Ta shimfiɗa su kan tabarma. Ɗaya ya yi ɗigo-ɗigo ja kamar an barbaɗa masa garin barkono, da na goga yatsa a bayansa sai yatsan ya fito da jan gari. Ɗayan kore shar, sai 'yan tabo busassu kamar tsinin allura, ba gari ko kaɗan.

Ta ce, "Malam, kunya ɗaya na tsinko su, ruwa ɗaya suka sha. Me ya raba su?"

Na ce, "Inna, gado ne."

Ta riƙe baki. "Yau ga ikon Allah, wake ma da gado?"

Mece ce tsatsa?

Kowa ya san funfunar da ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu. Tsatsar wake danginta ce, sai dai ita ganye mai rai take ci. Jan garin nan shi ne irinta. Iska ke kwasarsa daga gona zuwa gona, in ya sauka kan ganyen da raɓa ta jiƙa sai ya tsiro, ya shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi. Wake da danginsa, fasuliya da ful, kowanne da tasa tsatsar.

Akwai wata funfunar da ke yin baƙin miki mai zurfi a kwanson fasuliya. Ita ta fi wayo, don cikin ƙwayar take ɓuya, manomi ya shuka ta da hannunsa, ruwan sama ya fantsama ta kan sauran. Ganyen da ya murɗe ya yi rawaya-rawaya kuwa galibi wata cuta ce dabam da ƙwari ke yaɗawa, ba ita muke magana yau ba.

Uku da ɗaya

Wani malamin majami'a mai suna Giregor Mendel, a garin Birno na ƙasar Cak ta yanzu, ya yi shekaru yana haɗa auren bisilla, wato 'yar'uwar wake, ya fitar da sakamakonsa a 1866. Ya ɗauki garin furen mai jan fure ya shafa wa mai farin fure. 'Ya'yan duka suka yi ja. Da ya shuka jikoki sai fari ya dawo: 705 masu ja, 224 masu fari. Kusan uku da ɗaya ke nan.

Dalili shi ne kowace shuka tana riƙe da ƙwayar gado biyu a kan hali guda, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata mai laɓewa ce, sai ta haɗu da 'yar'uwarta take fitowa. Haka yaro kan tsallake iyayensa ya ɗauko kamannin kaka.

A 1905 wani masani a Kambirij ta Ingila, Rolan Bifen, ya nuna cewa juriyar alkama ga tsatsa ma wannan lissafin take bi. Daga baya aka ga haka a fasuliya. Yawancin ƙwayoyin juriyar da aka gano a cikinta masu rinjaye ne.

A gwada a aji: a samu kwano biyu, kowanne a zuba jan wake 20 da farin wake 20, a gauraya. Jan shi ne juriya. Mutum ya rufe ido ya ɗauki ɗaya daga kowane kwano, a rubuta, a mayar, har sau 40. Duk ɗaukar da ja ya fito, ko ɗaya ne, shuka ta tsira. Fari da fari, tsatsa ta ci. Za ku samu wajen 30 da 10. In bai cika daidai ba kada a zargi mai ɗauka, ko na Mendel bai cika cif ba.

Mai gadi da ɓarawo

To yaya ƙwayar gado ke hana cuta? A shekarun 1940 wani ɗan Amurka, Harol Filo, ya gano cewa kowace ƙwayar juriya a shuka tana da wata alama guda da take ganewa a jikin funfuna. Ku ɗauke ta kamar mai gadin da ya san fuskar ɓarawo ɗaya. Da zarar ya hango shi sai ya yi kururuwa, shukar ta kashe ɗan wurin da funfunar ta shiga, kamar yadda ake ƙone ciyawar gefen gona don gobarar daji ta rasa abin ci. Funfunar tsatsa ba ta rayuwa kan mataccen nama, nan take mutuwa. Busassun tabon da ke ganyen Inna na biyu, tabon wannan faɗan ne.

Matsalar ita ce ɓarawon kan sake rawani. Tun 1911 aka gane cewa funfunar baƙin miki ba iri ɗaya ba ce, fasuliyar da ta gagari wannan sai waccan ta kayar da ita. A 1960 a ƙasar Holan aka gano wata ƙwayar juriya a jikin baƙar fasuliya 'yar asalin Benezuwela. Masu samar da iri a Turai suka yi ta sa ta cikin irinsu, kowa ya saki jiki. Ba a cika shekara 20 ba sabbin nau'o'in funfunar suka ɓullo waɗanda mai gadin bai san fuskarsu ba.

Shi ya sa yanzu masana ke tara masu gadi da yawa a iri ɗaya. A wurin manoman Ciyafas ta ƙasar Meziko aka samo wata jar fasuliya, lambarta G2333, mai ƙwayoyin juriya uku a kan baƙin miki. Ba masani ne ya haɗa su ba, zaɓen iri na kaka da kakanni ne ya tara su. Ni dai wannan ya fi komai burge ni a labarin. Ana ajiye irin waɗannan a cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolombiya, na wake kuma a takwararta IITA ta Ibadan. A nan Sudan, kafin yaƙin 2023 Hukumar Binciken Noma tana Madani, tashar Hudaiba kusa da Damar kuma ta daɗe tana aiki kan ful da fasuliya, don can arewa ake noma su da hunturu.

Aikin gona

Tun da yaƙi ya tashi a 2023 iri mai kyau ya yi wuya, mutane da yawa na awo suke shukawa. Wanda ke da nasa, ya riƙe shi da kyau.

Kuskurenmu shi ne zaɓen iri bayan sussuka. A tire manyan ƙwayoyi kawai za ka gani, ba za su gaya maka yadda uwarsu ta yi da tsatsa ba. Lokacin da cuta ta fi tsanani, shi ne lokacin shiga gona da tsumma. Nemi gindin da ke kore alhali maƙwabtansa duk sun yi ja, ka ɗaure masa tsumman. Na bakin gona da iska ke busar wa raɓa da wuri, ƙyale shi, wataƙila dacewa ya yi, ba juriya ba. Ka shiga bayan raɓa ta bushe, kada tufafinka su kwashi cuta. Kada ka tsaya kan gindi ɗaya, ɗaure wa 20 ko fiye daga sassa dabam-dabam, don waken gargajiya gauraye yake, ba mai gadi ɗaya ke cikinsa ba. Roro nasu dabam, duk kwanson da ke da miki a jefar, a shanya sosai kafin a ajiye.

Wake da fasuliya kansu suke yi wa barbara, furen kan gama aikinsa tun bai buɗe ba, don haka 'ya'ya ke bin uwa. Ful ba haka yake ba, ƙudan zuma na kai garin fure daga gonar maƙwabci, sai a nisanta wanda ake so don iri.

Rubuta a littafinka: funfuna, tsatsa, ƙwayar gado, rinjaye, juriya.

In jikoki 80 suka bi lissafin uku da ɗaya, nawa tsatsa za ta ci?

Mako mai zuwa kowa ya zo da ganye biyu daga kunya ɗaya, da tsumman da zai ɗaura. Wanda ba shi da gona ya tsinko a ta maƙwabci, amma ya nemi izini tukuna.