Yadda Ake Yi wa Robobin Cikin Mota Fenti Ya Daɗe Bai Ɓare Ba

Robobin da ke cikin mota, wato na jikin ƙofofi, da na kewayen rediyo da giya, da murfin akwatin ajiye takardu, su ne suke fara nuna tsufan mota tun injin yana da sauran ƙarfinsa. Motocin Kwatano da yawa suna isowa da robobinsu a ƙarje, sannan zafin ranarmu ya ƙarasa koɗar da su, domin dashbod ɗin motar da aka kulle a rana yakan wuce digiri 70 a ma'aunin Selshiyos. Ana iya sabunta su da fentin feshi na gwangwani a gida, amma fentin da akasarin mutane ke fesawa yakan soma ɓarewa bayan 'yan makonni, kuma kusan kullum laifin yana wajen shirin da aka yi kafin feshin.

Da farko a cire robar daga jikin motar, kada a fesa ta a inda take. Yawancinsu maƙale suke da ƙananan maɗaurai na roba da 'yan kusoshin da aka ɓoye a ƙarƙashin murfi, saboda haka a ɓamɓare su a hankali da abin ɓamɓara na roba, ko da sukudireba da aka naɗe wa baki da tsumma. Duk inda aka ga an rubuta SRS ko AIRBAG, a bar shi yadda yake, domin an ƙera murfin jakar iska ne ya tsage ta wani layi na musamman idan an yi hatsari, bai kamata a ɗora masa komai ba.

Idan robar ta fito, a juya bayanta. Masu ƙera motoci suna buga sunan nau'in robar a can, kuma wannan ɗan rubutun shi ne zai nuna yadda aikin zai tafi. Idan an ga ABS, roba ce mai karɓar fenti cikin sauƙi, sai dai tina (ruwan tsinka fenti) da fetur suna narkar da fuskarta, ta yi danƙo ta lalace. Idan kuwa an ga PP ko TPO, waɗanda su ne aka fi yin jikin ƙofofi da ginshiƙai da su, to, fenti ba ya kama su da kansa ko kaɗan, dole sai an fara fesa firaimar roba, wadda ke ƙulla fentin da jikin robar. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya ɓare fentinsa da farce kamar ɓawon gyaɗa.

Wanki shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Man ƙyalli da masu wankin mota ke shafa wa dashbod yana ɗauke da silikon, wanda ke shiga cikin ƙananan ramukan fuskar robar ya zauna shekara da shekaru. Idan ya rage ko kaɗan, fenti yana sauka zai riƙa gudu daga wurin, ya bar ƙananan ramuka zagayayyu. A wanke robar da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ana dirzawa da buroshi, a ɗauraye, a sake har sau biyu ko uku. Alamar da za a duba ita ce yadda ruwa ke kwanciya: muddin yana taruwa ɗigo-ɗigo a wasu wurare fiye da wasu, akwai sauran maiƙo. Bayan ta bushe, a goge da sifirit da farin tsumma mai tsabta, ana jan tsumman gefe guda ana sauya fuskarsa, kuma daga nan kada a ƙara taɓa ta da hannu sai da safar hannu.

Sai a ɗan kashe santsin fuskar da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 800. Idan robar mai zanen fata ce, soson guga mai launin toka ya fi, domin samfefa tana cinye zanen, kuma ba ya dawowa. A share ƙurar, a sake gogewa da sifirit, a rufe maɓallai da duk wurin da ba a so fenti ya taɓa da tef ɗin takarda.

Wurin feshi ya zama inuwa mai iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, mai aikin kuma ya rufe hanci da baki da takunkumin da aka yi domin fenti. Ranar da hazon hunturu ya sauka ba ranar wannan aiki ba ce saboda ƙura, haka ma bayan ruwan sama, domin laima tana sa fenti ya yi fari-fari ya dusashe. A girgiza gwangwanin kamar minti 2, a riƙe shi nesa da robar da santimita 20 zuwa 25, a fara feshin daga wajen robar a ƙare a wajenta. Firaima shafi ɗaya ko biyu marasa kauri ta isa, sannan a bi da fentin cikin lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Shafin farko na fentin ya zama kamar raɓa, ana hango tsohon launi ta ƙarƙashinsa. A jira kamar minti 10, a ƙara na biyu da na uku. Shafi mai kauri yana zuba, yana kuma cike zanen robar har kowa ya gane fenti aka yi.

A zaɓi fentin da aka rubuta cewa na roba ne, domin shi ke jure lanƙwasa da zafi. Ga saman dashbod kuwa, ina ba da shawara da babbar murya a yi amfani da baƙi ko launi mai duhu marar ƙyalli, saboda mai ƙyalli yana mayar da hasken rana kan gilashin gaba ya kashe wa direba ido a kan hanya.

Fentin zai bushe a taɓa shi cikin awa guda, amma a bar robar kwana 2 kafin a mayar da ita, kuma kada a wanke ta ko a shafa mata wani mai sai bayan mako guda, lokacin da fentin ya gama ƙarfi. Maɗauran da suka karye wajen cirewa ana samun madadinsu a kasuwannin kayan gyaran mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, kuma gara a tafi da tsohon a hannu don a gwada girmansa.